Matakala Goma a Łódź

Sunan garin ma tarko ne.
Na duba takarda na ce Lodiz,
mai sayar da tikiti ya dube ni kamar na taka masa ƙafa.
Wuj, ya ce. Wuj kawai,
kamar an hure fitila.

Na'urar hawa bene ta mutu tun kafin in zo.
Pani Leokadia tana hawa na huɗu,
ga jakar dankali, ga gwiwa mai ƙara.
Na karɓi jakar ban ce uffan ba,
don ko uffan ɗin ba ni da ita a harshensu.
Sai ta biya ni da abin da ke bakinta.

Jeden, ta taka ta farko.
Yedan, na bi ta.
Dwa na shanye kamar kunu.
Trzy.
Na ce ci.
Ta girgiza kai. Na ce ci, ci,
ni da na wuni a masana'anta ban sa komai a baki ba.
Baƙaƙe sun kaure da faɗa a kan harshena,
ba wasalin da zai shiga rabo.

Cztery, ɗigon ruwa ne a tafasasshen mai.
Pięć ta hanci ake fitar da shi.
Sześć, tsintsiya biyu a kan siminti.
A siedem takan tsaya, ta dafa bango,
har na zaci ma'anarsa a huta.
Osiem ba ruwansa da kowa.
Amma dziewięć da dziesięć tagwaye ne,
wata uku ina kiran Hassan, Usaini na amsawa,
mai burodi tana miƙo mini canjin da ban nema ba.

Wasu kalmomin na tarar da su kamar 'yan garinmu
da suka sake kaya.
Tak, wai na'am, ni kuwa ɗaya tak na sani.
Kasa, wurin biyan kuɗi,
nan na sha kasa magana.
Dziękuję kuma, da suke godiya da shi,
jin kunya nake ji a ciki,
kuma da jin kunya nake faɗarsa.

Ƙasimu ya gagare ta, ta mai da ni Kazik.
Wata rana ta ce in ƙirga mata da nawa.
Ɗaya ta maƙale mata a wuya,
a huɗu haƙoran roba suka motsa,
muka yi ta dariya har maƙwabci ya buga bango.

Ranar da ƙanƙara ta fara zuba
ban ji sandarta a matakala ba.
Jikarta Jagoda ta rubuta mini sunan asibiti a tafin hannu.

Na same ta bakinta ya karkace,
shekara tamanin da ɗaya na magana
sun zube kamar gero a yashi.
Ma'aikaciyar jinya ta ɗaga mata yatsu,
ta dube su kamar baƙi.

Na jawo kujera.
Jeden, na ce, na naɗe babban yatsanta.
Dwa.
Na ja numfashi. Ci.

Gira ɗaya ta ɗaga,
wadda ciwon bai taɓa ba.
Leɓen ya yi ta kokawa, ya yi ta kokawa,
sai ga shi ya fito, a gurguje amma da dukan ƙayoyinsa:
trzy.

Na sake cewa ci.
Wannan karon da gangan.

Muka kai siedem, ta lumshe ido.
Na bar yatsun a hannuna ban ƙarasa ba,
na san nan ne muke hutawa.